Cinyar Lawali Barunje

Ku da kuke zuwa ɗakina da sabuwar farar riga kuna cewa a koya muku tausa, ku samu wuri ku zauna. Ni ba mai tausa ba ne. Na tsufa a aikin gyaran tsoka da gaɓoɓi a nan Talata Mafara, kuma har gobe in aka kira ni mai tausa raina ɓaci yake yi. Kun ga bidiyo a waya, wani ya kwantar da ɗan ƙwallo yana ta murzarsa da mai, sai kuka ce ai wannan ko a mako ɗaya kun iya. To, rabin aikina hana mutane murza ne. Wanda bai san lokacin da zai ɗauke hannunsa daga jikin mutum ba, bai ma fara koyo ba.

Ranar da na fara aiki a ƙarƙashin Malam Sanda, wani dogon mutumin Bakura mai saurin fushi, Allah ya jiƙansa, bai bar ni na taɓa kowa ba. Kasuwa ya aike ni in sayo cinyar akuya. Na ɗauka kwaɗayi ne ya taso wa tsohon. Ya sa na dafa ta a kan risho a bayan ɗakin aiki, sannan ya ce in zauna in tsittsinke ta da yatsa kamar mai haɗa dambun nama. Ina tsinka yana tsaye a kaina.

Ya ce, "Mi kag gani?"

Na ce, "Zare-zare, Malam."

Ya ce, "To wanga zare shi na aikinka har ka mutu. Duba da kyau, duk wuri guda sunka dosa. Kada ka mance."

Daga bakinsa na fara jin abin da daga baya na karanta a makaranta. Tsoka zare ce, ɗauri-ɗauri, kowane zare da 'yar rigarsa. In aka buge ta ko ta yage, zaren ya tsinke, jini ya taru a wurin. A kwanakin farko jiki yana turo masu shara, ƙwayoyin jini da ke cinye abin da ya mutu. Kumburi da zafin da kuke gani, aikinsu ne, ba abin gaba ba ne. Bayan sun share, akwai wasu 'yan ƙwayoyi da Allah ya ajiye a ƙarƙashin rigar kowane zare, suna barci tun ana haihuwar mutum, kamar irin da manomi ya ɓoye a rumbu. Rauni ne ke tashe su. Sai su hayayyafa, su manne da juna, su zama sabon zare. Amma a daidai wannan lokacin jiki yana kuma saƙa tabo, wani farin abu mai tauri da ba ya miƙewa, ba ya ja. Tsere ake yi tsakanin sabon zare da tabo. Ka kwantar da mutum ya daɗe bai motsa ba, tabo ya ci, tsoka ta rame. Ka gaggauta ka murje ta da zafi tun tana ɗanye, jini ya sake ɓallewa, kuma wani lokaci jiki ya rikice ya gina ƙashi a tsakiyar nama. Aikinmu shi ne sanin yaushe za a bari, yaushe za a motsa.

Kayan aikina ba su da wani kwarjini, shi ya sa kuke raina su. Bandeji mai ja, tef irin na tela da nake auna kaurin cinya, wani ma'auni mai hannu biyu da ke nuna iya lanƙwasar gwiwa, 'yan buhunan yashi da matata ta ɗinka mini, tsohon tiyub na babur da na yayyanka don a riƙa ja. Akwai fitilar gashi, amma ta fi kwana a rufe fiye da a kunne. Mafi tsada a cikinsu duka babban yatsana ne. Da shi nake gane tsokar da ke warkewa da wadda ke shirin zama dutse.

Masu zuwa wurina iri-iri ne. Akwai 'yan ƙwallon unguwa da ke son a gyara su yau su buga gobe. Akwai manoman fadama daga Maradun da suka ɗaga injin ban-ruwa baya ya riƙe. Akwai yaran da aka yi wa allura a inda bai kamata ba, jijiya ta taɓu, ƙafa ta soma shanyewa, domin tsokar da jijiya ta daina yi wa magana ramewa take yi ko da ba a buge ta ba. Akwai waɗanda aka kwance wa ɗori, ƙashi ya haɗu sarai, amma ƙafar ta koma kamar taɓarya. Kowannensu yana shigowa da abin da aka riga aka yi masa a gida, kuma da wannan nake fara kokawa kafin in kai ga ciwon.

Aikin da nake so ku ji shi ne na Lawali, a shekarar nan da hanya ta lalace saboda 'yan bindiga. Kun tuna ta. An hana babura, an rufe kasuwannin dabbobi, mutanen Damri da Jangebe da nake dubawa suka daina zuwa, wasunsu ban sake ganinsu ba. Wuta ta yi wuya, ƙanƙara ta zama abin nema. Rundawa, wato mahautan garin nan, sun fi kowa jin jiki, don babu dabbar yanka. Da aka ɗan sassauta, kowa ya fito da yunwarsa. A irin wannan hanzari ne wani bijimi ya shure Lawali a gaban cinyar dama, ranar Talata da hantsi, suna ƙoƙarin kayar da shi.

Lawali matashi ne mai mata da 'ya'ya biyu, a teburinsa nake sayen nama, don haka da abin ya faru ya ce a kawo shi wurina. Na duba, ƙashi lafiya, amma tsokar ta sha duka har can ciki. Na lanƙwasa gwiwar a hankali iya yadda zai jure, na naɗe ta a haka da bandeji, don a lanƙwashe tsokar gaban cinya take matse jijiyoyin jinin da suka fashe. Na aika aka samo ledojin ruwa biyu masu sanyi da ƙyar, na ɗora. Na gaya masa gaskiya: in cinyar nan ta daskare, gwiwarsa ba za ta sake lanƙwasuwa ba. Barunjen da ba ya iya tsugunawa kuwa ba ya fiɗa, ba ya kama ƙafar sa, sai dai ya zauna yana korar ƙuda a teburin wani.

Ban gama rufe baki ba sai ga mahaifinsa, Baba Mu'azu, da kwanon sha a hannu an rufe da faifai. Dattijo ne da ake jin maganarsa a cikin rundawa. Muka gaisa kamar ba komai, ina kwana, ina gajiya, ina iyali, yaya muka ji da wannan hali da ake ciki. Sannan ya buɗe kwanon. Kitse ne narkakke, yana ta tururi.

Al'adarsu ce. In sa ya shure barunje, za a narka kitsen wannan bijimin, a shafa da zafinsa, a sa ƙarti su murje wurin da kwalba har kumburi ya baje. Kuma ranar kasuwa mai zuwa, wato Talata, dole ya fito ya kama igiya a gaban jama'a, kada a ce dabba ta kayar da ɗan gidan.

Ya ce, "Likita, kwance mai ƙyallen ga. Jini na ya mutu ciki, murje shi za a yi."

Na ce, "Baba, jinin ga bai gama tsayawa ba. In kunka sa mai zahi kunka murza, ƙaruwa za ya yi."

Ya ce, "Haka ubana yay yi min, haka kakana yay yi ma ubana. Kai yaushe anka haihe ka?"

Na ce ba zan kwance ba, a ɗakina ba a murza ɗanyen rauni. Ya ce ɗansa ne. Ya sa aka ɗauke shi a Keke Napep, suka tafi da bandejina a ƙafarsa. Na ji haushi ƙwarai, har na kasa cin abincin rana.

Washegari na rufe ɗaki na bi su gida. Ba a kira ni ba, kuma na san ana iya kora ta. Na iske Lawali kwance a zaure, an riga an yi masa zagaye ɗaya. Cinyar ta kumbura ta yi tauri tana sheƙi, ta yi zafi kamar an sauke tukunya, gwiwar ta miƙe sambal ta ƙi motsi. Kwalbar na nan a gefe, an ce bayan la'asar za a sake. Na shimfiɗa buzuna kusa da shi na zauna, na ce duk mai son ya murza ƙafar nan sai ya fara ɗaga ni. Samarin gidan suka yi ta leƙe suna dariya. Lawali kansa ya ce, "Likita, don Allah tahi, kada ka ja min magana." Na ce magana ba ta hana mutum tsugunawa.

Ina nan zaune aka kira azahar. Baba Mu'azu ya fito, ya yi alwala a tsaye yana dafa bango, ya jawo wani ɗan benci ya yi sallarsa a kai, ƙafar hagu a miƙe a gabansa kamar sanda. Shekaru ina ganin mutumin nan yana ɗingishi a kasuwa, ban taɓa tambaya ba, na ɗauka tsufa ne. Da ya sallame na ce ya ba ni izini in taɓa ƙafar. Ya miƙo ta yana murmushi, don abin alfaharinsa ne. Na sa yatsa a gaban cinyar. A tsakiyar nama, inda ya kamata in ji laushi, na ji wani abu dogo mai tauri kamar an binne guntun icce.

Ya ce, "Tabon maza na. Wani jan sa yab bar min shi, ina saurayi. Ranar kasuwa kuma nif fito nik kama igiya, kowa ya gani."

Na ce, "Baba, sa bai bar maka wanga ba. Sa ya buge ka, wanga gaskiya na. Amma ƙashin ga da ka ji, kitse da kwalba sunka gina shi. Shi kuma za a gina ma Lawali in anka koma murza."

A gaban 'ya'yansa na faɗa, kuma da za a maimaita ranar, zan sake faɗa. Fuskarsa ta canza. Ya ce in tashi in bar masa gida, kuma kada in sake sayen nama a wurin kowane ɗansa. Na naɗe buzuna na fita. A ƙofa na juyo na ce, shi da ya yi shekaru yana fiɗa, ya tuna ko ya taɓa samun ƙashi a inda Allah bai sa ƙashi ba.

Ranar Juma'a da safe ina share ɗaki sai na ji tsayuwar Keke. Baba Mu'azu ne, da Lawali a baya. Bai yi doguwar gaisuwa ba, abin da ban taɓa gani daga gare shi ba. Ya ce ba a sake murzawa ba tun fitata. Ya ce ya kwana biyu yana tunani, ya tuna shanun huɗa da ake kawo musu in sun tsufa, waɗanda suka sha duka a wuri ɗaya. Sau da yawa wuƙarsa ta ci karo da wani abu a tsakiyar naman cinyarsu, fari, mai ƙaras-ƙaras, yakan yanke ya jefa wa karnuka bai taɓa kawo komai a ransa ba.

Ya ce, "Ga shi nan. Yi abin da kaka yi. Amma ranar Talata hwa?"

Na ce, "Ranar Talata ba ya kama igiya. Ko Talatar da ka bi mata."

Na san abin da nake nema a wurinsa ya fi kuɗi nauyi. Ranar Talata sai ga tsohon da kansa a mayanka, da ƙafarsa mai sanda, ya tsaya a teburin ɗansa yana yanka yana aunawa. An gaya mini abin da aka riƙa jefa masa. Wani ya ce, ashe yanzu rundawa asibiti suke haihuwa. Wani ya ce a saya wa Lawali zane. Shi dai ya ci gaba da yankansa. Ni ma na samu rabona, don an daina amsa sallamata a layin masu nama, sai da na koma aiken maƙwabci.

Yanzu ku ji aikin da kuke cewa mai sauƙi. Da farko ba na yin komai sai ɗauri da sanyi. Babu ƙanƙara, don haka tsumma nake jiƙawa da ruwan randa ina sauyawa. Da zafin ya sauka, sai na sa Lawali ya kwanta rub da ciki ya jawo dundunniya da kansa, ba ni zan tura ba, ya tsaya daidai inda ciwo ya fara magana. Kullum haka. In ya zarce, na daka masa tsawa. In ya yi lalaci, na daka masa tsawa. Sabon zare ba ya sanin inda zai dosa sai an riƙa jansa a hankali ta hanyar da zai yi aiki, shi ya sa motsi ya zama dole, shi ya sa kuma ƙarfi ya zama haram. Na ce a riƙa ba shi wake da ƙwai da nono, don ba a gina tsoka da ruwan koko. Ɗan mahauci ne, amma a shekarar nan nama ya fi ƙarfin gidan mahauci.

Ana cikin haka yatsana ya ji abin da nake tsoro. Wani ɗan ƙulli ya fito a can cikin cinyar, mai tauri, kuma gwiwar ta tsaya cak a iya zaman kujera, ta ƙi ƙarawa. Ya kamata a ɗauki hoto a Gusau, amma wa zai hau hanyar nan a lokacin? Ba ni da komai sai yatsa da tef. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Lawali ya karaya, ya ce tunda ga ƙashin ya fito duk da haka, gara a bar shi ya koma a murje kowa ya huta. Abokansa suna zuwa dubiya suna zuga shi. Na ce masa zagaye ɗaya aka yi maka ka samu wannan, kana so ka ga abin da zagaye goma ke bayarwa, je ka dubi ƙafar babanka. Na rage masa motsi, na hana kowa taɓa wurin, har ni. Makonni muka yi a haka, yana zuwa yana harara ta, ina aunawa ina cewa gobe.

Sai wata safiya ma'aunin ya nuna ƙari kaɗan. Ban gaya masa ba sai da na ga ya sake ƙaruwa. Ƙullin ya daina girma, ya soma ja da baya. Daga nan na ɗaura masa buhun yashi a idon sawu, mafi ƙanƙanta tukuna, sannan tiyub, sannan hawa da sauka a dakalin ƙofa, sannan tsuguno yana riƙe da taga. Cinyar da ta rame ta soma cikowa, tef ya shaida. Ƙullin bai tafi duka ba, ya tsaya kamar ƙwallon dabino, kuma yana nan har yau. A kasuwa kuwa labari ya bazu cewa kitsen da aka shafa masa ranar farko ne ya yi aiki a hankali. Su faɗi abin da suke so. Ni ban taɓa yin aikin nan don a yi mini kirari ba, kuma duk wanda ya shigo ɗakina da kwanon kitse gobe, zai ji abin da Baba Mu'azu ya ji.

Da Babbar Sallah ta zo, na yanka ɗan ragona bayan an sauko idi, ina tunanin wa zan samu ya feɗe mini, tunda rundawa sun yi fushi da ni. Sai na ji sallama. Lawali ne da wuƙaƙensa a cikin buhu, mahaifinsa na biye da shi yana jan ƙafa. Muka yi barka da Sallah, na kawo wa tsohon benci ya zauna a inuwa, ya miƙe ƙafarsa a gaba.

Lawali ya naɗe hannun riga, ya zagaya ragon, ya kama ƙafar baya. Ni ba ragon nake kallo ba. Ya sauka a hankali, gwiwa tana lanƙwashewa, ta wuce zaman kujera, ta ci gaba, har ya zauna daram a kan dundunniyarsa. Ya sa wuƙa ya tsaga fata kamar bai san ana kallonsa ba.

Na waiwaya wajen Baba Mu'azu. Ya dafa cinyarsa ta hagu da hannu biyu, idonsa a kan ɗansa, bai ko ƙifta ba. Can ya ce, ba da ƙarfi ba, "Tun ba a haihe shi ba rabona da in zauna haka."

Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Tsuguna da kyau, Lawali. Tsuguna har da nawa."